Kusurwar Gonar Inna

Kakana na wajen uwa ya rasu ya bar gonaki biyu a wani ƙauye kusa da Sandamu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka magadansa biyu ne: Kawu, babban ɗansa, da Inna, autarsa. Mahaifiyata ce ta tsakiya, amma ta riga shi rasuwa da shekara huɗu, saboda haka ni da ƙannena ba mu da komai a cikin gadon. Mun san da haka, kuma bai taɓa damunmu ba.

A shekarun farko na Shari'a ne a jiharmu. Ina aiki a gidan rediyo a Katsina, ina fassara labarai ina karantawa, duk ƙarshen mako kuma nakan zo Daura wurin Baba, mahaifina. A lokacin rabon gado ya fara barin zaure yana komawa kotu, mata da yawa da a da sukan bar rabonsu a hannun 'yan'uwansu maza suka fara neman a yanka musu nasu. Inna ba ta nemi komai ba. Kawu ne da kansa ya je ya ce kotu ta zo ta raba, kuma har yau na yarda da niyya mai kyau ya je.

Mijin Inna ya rasu bai bar gona ba, domin aro yake nomawa. Ta dawo gidan ubanta da 'ya'ya huɗu a gabanta. Abin da gonar da za a ba ta ta fitar, shi ne abincinsu na shekara. Ba ta da wani abu ban da shi sai awaki uku.

An sa ranar rabo cikin bazara, kafin ruwa ya sauka. Kotu ta aiko magatakarda da mai igiya, wato mutumin da ke auna gonaki. Mai unguwa ya zo da dattawa biyu. An gayyaci Baba don girmamawa, ni na ɗauko shi a babur. Kowa a wurin ya san Baba ya yi shekara talatin da ɗaya a ofishin safiyo, ya fara da jan sarƙar awo, ya ƙare yana riƙe kamfas. Mai igiya na ganinsa ya yi dariya.

"A'a, yau da safiyo a wurin! To, sai mu yi a hankali."

"Safiyo ya ajiye aiki," in ji Baba, "ido ma ya ajiye. Yi abinka."

Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin gawo, ya zauna.

Igiyar ta rama ce, an ƙulle ta a kowane gaba. Kowane gaba shi ne buɗin hannuwa biyu na babban mutum. Mai igiya ya bi gefen gona yana ja, ɗaya daga cikin dattawan yana riƙe ƙarshen, magatakarda yana rubutawa. Babbar gona ta ba da tamanin a tsawo, sittin a faɗi. Ƙarama ta ba da sittin a tsawo, arba'in a faɗi. Magatakarda ya buga tsawo da faɗi, ya ce babbar dubu huɗu da ɗari takwas, ƙaramar dubu biyu da ɗari huɗu. Rabi daidai.

Wurin ya ɗauki kabbara. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, ga shi kuwa gonakin sun zo a rabe, ba sai an yanka ko taku ɗaya ba. Mai unguwa ya ce kamar marigayin ya raba abinsa tun yana da rai. Kawu ya sa hannu da ajami, Inna ta dangwala yatsa, aka yi addu'a, aka sha fura. Ni ma na ji daɗi. Har na yi tunanin labari ne da ya dace a ba da shi a rediyo.

Sai da muka shiga zaurenmu a Daura, Baba ya cire hula ya ajiye, sannan ya ce:

"Gefe nawa suka auna?"

"Takwas, Baba. Huɗu nan, huɗu can."

"Kusurwa nawa?"

Na ce ban ga sun auna kusurwa ba.

Ya aike ni in zaro kara huɗu daga darni, biyu dogaye, biyu gajeru. Ya ɗaure bakinsu da kaba, suka zama siffar gona, ya shimfiɗa a ƙasa. Sannan ya sa yatsa ya tura kusurwa ɗaya. Siffar ta karkace. Ya ci gaba da turawa, filin da ke tsakiya yana tsukewa, har ya rage bai fi faɗin tafin hannu ba.

"Wane kara ne ya gajarce?"

"Babu."

"To, kawo igiya ka auna. Abin da ta gaya maka ɗazu shi za ta gaya maka yanzu. Babbar gonar a tsaye take. Ƙaramar haka take, a karkace. Tun ina zuwa zance wurin uwarka na lura da ita."

Na tambaye shi abin da ya hana shi magana a can. Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya.

"A gaban wan matata? A kan gadon ubanta, ita kuma tana ƙasa? Da na buɗe baki, kafin mu iso Daura labari ya riga mu, an ce suruki ya zo nema wa 'ya'yansa abin da Allah bai ba su ba."

Haka abin yake a wurinmu. Suruki yakan halarci rabon gadon gidan matarsa kamar yadda yake halartar jana'iza: ya zo, ya zauna a gefe, ya shafa addu'a, ya tafi. Baba ya fi duk wanda ke wurin sanin awo, kuma shi kaɗai ne ba shi da bakin magana.

Washegari da safe ya fito da wata jakar fata daga ƙasan gado. Kamfas ɗin yana ciki, wanda ya samu lokacin da ofishinsu ya yi gwanjon tsofaffin kaya. Ɗan kwano ne na tagulla mai murfi, bai cika tafin hannu ba. A ciki akwai faifai mai yawo a kan tsini, an zana masa lambobi har ɗari uku da sittin. A gefe ɗaya akwai ɗan gilashin da ake kara ido, a ɗaya gefen wata 'yar taga mai siririn zare a tsaye a tsakiyarta. Baba yana kiran zaren gashi, domin na asali gashin wutsiyar doki ne.

Yanar ido ta riga ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, ba ya iya karanta lambobin. Don haka ya ce ni zan koya. Muka yi Asabar biyu a filin bayan gida.

"Ka ɗora gashi a kan sanda. Ka jira faifai ya kwanta. Kada ka karanta yana rawa. Ka faɗa da ƙarfi, sau biyu, sannan ka rubuta."

A ɗakin labarai kalma ɗaya muke da ita, kusurwa, ita muke sa wa komai. Baba yana da uku. Mai digiri casa'in, irin ta ɗakin da magini ya yi da kyau, ita ce tsayayya. Wadda ba ta kai ba matsattsiya, wadda ta wuce buɗaɗɗiya. In ka tsaya nan ka dubi sanda can, duban zuwa ke nan. In ka je can ka dubo inda ka baro, duban dawowa. Tsakanin biyun dole a sami ɗari da tamanin, in ba a samu ba akwai kuskure. In ka zagaye gona ka haɗa kusurwoyinta huɗu suka ba da ɗari uku da sittin, sai a ce awo ya rufe. Na rubuta su duka a bayan littafin da nake tara kalmomin fassara.

Ya gaya mini akwai babbar na'ura mai ƙafa uku da ta fi wannan gaskiya nesa ba kusa ba, takardun ofis suna kiranta tiyodalait. Su leburori Hajiya suke ce mata, domin ba ta taka ƙasa da kanta, sai an ɗauke ta a kafaɗa, kuma sai an riƙe mata laima. Sau ɗaya na ji ya yi dariya a makonnin nan, a nan ne.

Asabar ta uku muka tafi ƙauyen da sassafe. Inna ta fito ta same mu a bakin gonar. Tsakaninta da Baba akwai wasa, kasancewarta ƙanwar matarsa.

"Mijin Yaya, bokanci ka koma da tsufa? Mene ne wannan a hannun ɗana?"

"Aljanun gonarki za mu ƙirga. Karɓi sandar nan ki je can ƙarshe ki tsaya."

"Ni ce leburar taka yau? Me za ka biya ni?"

"In kin tsaya ba rawa, in aure ki."

"Allah ya kiyaye! Da wane idon za ka gan ni?"

Ta ɗauki sandar ta tafi tana dariya. Ba mu gaya mata dalili ba tukuna. Baba ya ce ba a faɗin abin da ba a auna ba.

Na tsaya a kusurwar kudu maso yamma, na ɗora gashi a kan sandar, na karanta ashirin. Na je inda take, ta dawo inda nake, na duba, na sami ɗari biyu da bakwai. Ya kamata ya zama ɗari biyu cif. Baba ya ce in sake. Na sake, bakwai ɗin tana nan.

"Me ka ɗauka tsakanin can da nan?"

Na shafa aljihun gaban rigata. Makullan babur ne. A duban farko suna jikin babur, da zan tsallaka gonar na zare su na jefa a aljihu, daidai ƙasan kamfas.

"Ƙarfe yana jan faifai. Cire. Cire agogon ma."

Na ajiye su a gindin gawo, muka fara daga farko. Doguwar iyaka ta ba da ashirin, gajeriyar ta ba da saba'in. Tsakaninsu hamsin. Kusurwar da ya kamata ta zama casa'in, hamsin ce. Wadda ke fuskantarta ma hamsin, sauran biyun ɗari da talatin-talatin. Na haɗa, na faɗa wa Baba.

"Ya rufe," in ji shi. Bai yi murna ba.

Saura faɗin gaskiya. Ya fito da wani guntun katako da ya sassaƙa da kansa tun yana aiki, an tsaga shi da zarto sau biyu, tsaga ɗaya ta ratsa ɗaya, an kafa shi a kan sanda. Mai-tsaga yake ce masa. In ka daidaita tsaga ɗaya da iyakar gona, ɗayar za ta nuna maka hanyar da ta ratsa gonar a miƙe. Muka ja igiya ta nan. Faɗin da aka rubuta arba'in, bai cika talatin da ɗaya ba.

Babbar gonar ba mu shiga ba, tunda ba mu nemi izini ba. Daga burtalin da ya bi gefenta na karanta kusurwa biyu, ɗaya tamanin da tara, ɗaya casa'in da ɗaya. A tsaye take, kamar yadda Baba ya faɗa.

Na zauna a ƙasa na yi lissafin sau uku. Gonar Inna dubu ɗaya da ɗari takwas ce da 'yan kai. In aka haɗa gonakin biyu aka raba uku, rabonta dubu biyu da ɗari biyu ne da 'yan kai. An tauye mata kashi ɗaya cikin shida na haƙƙinta. Ga wanda ke cin abin da ya noma, wata biyu ke nan a cikin goma sha biyu. Kuma watannin da rumbu ke ƙarewa sanannu ne: tsakiyar damina, lokacin da aiki ya fi yawa, gero bai nuna ba.

Na gaya wa Inna a nan gindin gawon. Ta saurara har na gama. Ta dubi gonar, ta dubi Baba.

"Kai ma ka sani tun ranar?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"To," in ji ta. Ta miƙa masa sandarsa, ta koma gida.

Baba ba zai iya zuwa wurin Kawu ba, sai ni. Ɗan ƙanwa yana da ɗan sarari a wurin kawunsa. Na same shi da hantsi a zaure yana gyaran igiyar shanu.

"Mai labarai! Yau na duniya ka kawo mana ko na gida?"

"Na gida ne, Kawu."

Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da shanu. Sannan na fito da karan nan huɗu, na shimfiɗa a gabansa, na tura kusurwa kamar yadda Baba ya yi. Ban ambaci digiri ba. Na ce masa faɗin ƙaramar gona a miƙe bai kai talatin da ɗaya ba, in yana so mu je ya ja igiyar da hannunsa.

Ya ajiye abin da yake yi. Ya jawo karan gabansa, ya tsayar da su, ya tura, ya sake tsayarwa, ya sake turawa. Kawu ba mutum ne mai nauyin kai ba. Ya yi shekara arba'in yana huɗar gonakin nan biyu da shanu, ya san lokacin da kowacce ke ci. Na ga lokacin da ya gane, domin hannunsa ya tsaya.

Da ya buɗe baki, muryarsa a kwance take.

"Wa ya je ya kira kotu?"

"Kai ne, Kawu."

"Ni na zaɓi mai igiya? Ni na riƙe masa?"

"A'a."

"Da wannan igiyar aka raba gadon kowane gida a garin nan. In ta yi ƙarya a gonata, ta yi a ta mai unguwa, ta yi a ta liman. Sai a tono duka. Ka shirya?"

Na ce ni dai wannan na auna.

"Kai ka auna. Kai da ka san bakin garma daga wutsiyarta? Ubanka ya aiko ka. Yana zaune a wurin aka yi komai, ya sha fura, ya shafa addu'a. Ka gaya masa uwarka ba ta da rabo a nan, Allah ya jiƙanta. In akwai abin da ke ransa, wannan ne."

"Ba don mu ba ne, Kawu. Don Inna ne."

"Ita ta ce maka an cuce ta?"

Ba ta ce ba. Ya tattara karan ya miƙo mini, ya ce in gaida gida.

Ranar Litinin ban koma aiki ba, na je kotun. Na jira aka tashi daga zama, magatakarda ya shigar da ni wurin alƙali. Matashi ne, bai girme ni da yawa ba, kuma ya saurare ni har ƙarshe. Ya karɓi fensirina ya zana gonar a bayan wata takarda, ya ja layi a miƙe ta tsakiya, ya duba.

"Maganarka gaskiya ce," in ji shi. "Ban taɓa lura ba, kuma rabo nawa na sa wa hannu."

"Allah ya gafarta Malam, to mene ne abin yi?"

"In tauyewa ta bayyana a rabo, ana warware shi a sake. Amma wanda aka tauye ne zai zo ya nema da bakinsa. Kuma kada ya bari shekara ta zagayo yana noma wurin yana shiru, domin shirun yarda ne. Kai wane ne a cikin magadan?"

"Ba kowa."

"To, ka kawo ta. Ranar da ta tsaya nan ta ce ba ta yarda ba, zan aika a sake awo, da abin nan naku in ya kama."

Na fito ina ganin an gama. Kalma ɗaya ce ta rage, kuma ta Inna ce.

Na same ta a tsakar gida tana tsince irin gero a faifai, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na faɗa mata abin da alƙali ya ce, dalla-dalla. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ɗana, shanun da za su yi mini huɗa na wa?"

"Na Kawu."

"Amalanken da ke kai mini taki fa? In yaro ya kwana da zazzaɓi, wa ke ɗaukarsa zuwa Sandamu? Ranar da za a nemi auren 'yata, zauren wa za a zauna?"

"Inna, haƙƙinki ne. Allah ne ya ba ki, ba shi ba."

"Na sani. Ka ƙirga mini, wata biyu. In na tsaya gaban alƙali na ce Yaya ya ci haƙƙina, zan sami biyun nan in rasa goma. Kai kana Katsina kana magana a cikin akwati. Mijin Yaya ba ya gani. Ni ce a nan."

Na ce zan tsaya mata, zan nemo mai huɗa ko daga ina. Ta yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa yaro.

"Bana za ka nemo. Baɗi fa?"

Ta zuba irin a ƙwarya, ta karkaɗe faifan. Sannan ta ce abin da na fi tunawa a duk al'amarin.

"Ranar da aka raba, na kwana ina gode wa Allah da zuciya ɗaya. Da kun bar ni a haka. Yanzu duk sanda na shiga gonar sai idona ya tafi kusurwar nan."

Na kai wa Baba maganar kamar yadda ta faɗe ta. Ya ce in mayar da jakar fatar ƙasan gado.

Ruwa ya sauka a makon. Kawu ya aiko shanu suka yi mata huɗa, a rana ta uku, bayan an gama tasa. Damina ta yi kyau, Inna ta ɗaure dami arba'in. Da rabonta ya cika, da arba'in da takwas ne ko kusa da haka. Baba da Kawu suka koma gaisuwar jana'iza kawai, hannu ya taɓa hannu, kowa ya dubi wani wuri. Inna ta daina yi wa Baba wasa. Tana gaishe shi da ladabi, tana ce masa Malam.

Da bazara ta zagayo, saura mako biyu shekara ta cika, na je na tuna mata. Ta tambaye ni ko na ci abinci. Ban sake tayar da maganar ba, ranar ta zo ta wuce.

Rumbunta ya ƙare a tsakiyar damina ta biyu. Na zo wata Asabar na tarar da tukunya a wuta, tafasa ce da rama, an barbaɗa ɗan ƙuli. Yaran sun dawo daga noma suna zaune a inuwa. Ta riga ta sayar da akuya biyu. Na koma Daura na auno masara na kawo, na sake kawowa bayan mako uku. Ta karɓa ta yi godiya. Ban ji daɗin godiyar ba.

Kawu ya ji labari, ƙauyen ba shi da girma. Ya bari sai da kaka ta yi. Ya ɗaure dami ɗari da 'yan kai, ya fitar da zakkarsa goma kamar yadda ya saba kowace shekara, bai taɓa fashi ba. A da liman ke raba masa ita. A wannan shekarar ya ware huɗu daga ciki ya ce a kai wa ƙanwarsa, mai rainon marayu. Aka ɗora a amalanke da rana tsaka, aka bi ta tsakiyar gari. Mutane suka yaba. Na ji wani dattijo yana cewa haka ake son ɗan'uwa.

Ina ƙauyen a ranar, na zo duba ta. Bayan la'asar ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Kawu yana zaune a ƙofar zaure da mutum uku. Ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa a gefen tabarma.

"Yaya, na ga saƙo. Allah ya saka da alheri. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare gaba da baya."

"Amin, amin. Ba komai. Yaya yaran?"

"Suna gaishe ka."

"Madalla. A ci da haƙuri."

Bai dube ni ba. Ta miƙe ta sa takalminta, muka juya.

A hanya ta ce in taya ta jefa dammunan cikin rumbu kafin awaki su far musu. Ta hau tsani, ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Da na miƙa na huɗu ta ci gaba da miƙo hannu, tana jira. Na ce mata shi ke nan.

Shekara goma sha ɗaya ta ƙara tana noma gonar. Kowace kaka Kawu yakan aiko da huɗu, wata shekarar uku, kowace kaka kuma takan je ta durƙusa ta yi godiya.